Yadda Na Bi Gida Gida Ina Roƙon A Kai Ƙarata

Tun daga Sabon Birni har Isa, ka ƙetara Nijar ma in kana da man babur, ba a taɓa yin mai gyaran wuta kamata ba. Wuta ta san ni. In na shiga gida da tasta, ɗan abin gwada wuta, maƙale a bayan kunne, ƙwan da ya yi wata uku a mace yakan kama don kunya. Sau ɗaya tak wuta ta taɓa ja na, a wani shagon niƙa, kuma waɗanda ke wurin sun shaida ita ce ta fara saki. Haka nake faɗa a majalisa, haka nake faɗa a tasha, haka za ni faɗa wa jikokina in sun yi wayon saurare. Abin da ban cika faɗa ba shi ne, ni ne kuma na bar ƙauye guda babu ruwa a tsakiyar fari, da guntuwar wayar da ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba.

A shekarun nan ne da damina ta yi mana rowa sau biyu a jere. Gero ya kawo iya gwiwa ya tsaya yana kallon sama, mu ma muna kallo. Guga in ya shiga rijiya, laka yake dawowa da ita. Farashin dabbobi kuwa ya faɗi warwas, har ta kai in ka taya rago a kasuwar Bafarawa, mai shi sai ya riƙe hannunka kada ka sake shawara. Ana cikin haka wata ƙungiya ta zo tana haƙa rijiyoyin burtsatse masu aiki da sola a ƙauyukan da ke bayan Kamarawa. Suna neman ɗan ƙasa wanda zai haɗa musu wutar sumo, wato famfon nan da ake zurawa can ƙasan rijiya ya turo ruwa sama, ya kuma riƙa duba shi bayan sun tafi. Na sa rigata mai aljihu shida na je. Suka ce sun yarda da hannuna, amma sai na kawo takardar inshorar sana'a.

Ni a lokacin inshorar da na sani ita ce wadda direbobi ke miƙa wa 'yan sanda ta taga. Na fara zuwa wajen malamin unguwarmu, ya ce in dai irin wadda masu sana'a ke zuba kuɗi wuri ɗaya ne don a tallafi wanda tsautsayi ya faɗa wa, ba shi ganin laifinta. Da wannan na hau motar Sakkwato daga tashar Isa, an matse ni tsakanin buhun barkono da wata mata mai kaji.

Wanda na tarar a ofishin inshorar, Bayarabe ne, amma haifaffen Sakkwato, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Yana ɗaga kai ya ga zanen da ke fuskata sai ya ajiye biro. Kowa ya san wasan da ke tsakaninmu Gobirawa da Yarbawa, ba a gaisawa sai an taɓa juna.

«A'a, bawana! Wa ya kwance ka ka shigo birni?»

Na ce, «Ubangidanka na yaz zo duba ko kana aiki. Tashi ka ba ni kujera.»

Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwan sanyi mai raɓa a jikin kwalba. Sannan ya shiga bayani. Ya ce takardar ba ta kare ni daga komai ba sai abu guda: in na yi kuskure a aikina ko a shawarar da na bayar, wani ya yi asara, ya nemi in biya shi, su za su biya a madadina har zuwa wani iyaka.

Na ce, «In wuta taj ja ni fa?»

«Wannan wata takarda ce daban.»

«In anka sace min filaya?»

«Daban.»

«In hwari yac cinye min gero?»

«Bawana, wannan ka kai ƙara sama.»

«To mi za ni saye ke nan?»

Ya ce, «Wautarka za ka saya wa rumfa. Kuma tun da kai Bagobiri ne, ya kamata in ninka kuɗin.»

Kuɗin, ya ce, ya danganta da girman aikin da nake taɓawa da kuma iyakar abin da nake so su ɗauka. Mai ɗaura ƙwan fitila a shago ba ya biyan abin da mai taɓa sumo ke biya. Kowace shekara ake sabuntawa, kuma in abu ya faru akwai wani ɗan kaso na farko da zai fito daga aljihuna kafin su sa hannu a nasu. Daga nan ya juya takardar ya fara karanta min sharuɗɗa. Ba zan ɓoye ba, daga na biyu hankalina ya koma kan fankar ofishin, wadda ke juyawa da wani ɗan ƙara da ya nuna min kafasitarta ta kusa mutuwa. Ina ta gyaɗa kai, ina lissafin yadda zan gaya masa.

Rago ɗaya da awaki biyu suka tafi a kan takardar nan. Da na kawo ta gida a cikin leda, mai ɗakina ta juya ta gaba da baya ta ce, «Kas sai da masu ba mu nono kas sawo abin da ko akuya ba ta ci sai ta rasa.» Na ce mata ba ta san zamani ba.

Aka ba ni rijiyar wani ƙauye da ke can cikin daji, tafiyar rabin sa'a a babur daga Kamarawa. Na haɗa komai tsaf. A cikin kayan akwai wani ɗan akwati da nake kira mai gadi. Aikinsa ɗaya ne: in ruwan rijiya ya ja baya har ya kusa barin bakin sumo, sai ya kashe wuta. Dalili kuwa, ruwan da sumo ke ciki shi ke sanyaya shi, in ya yi ta juyawa a bushe sai ya ƙone. Ruwa ya zo, ƙungiya ta damƙa rijiyar a hannun kwamitin ƙauye, ta naɗe kayanta ta yi gaba. Wata biyar ba wanda ya neme ni.

Da bazara ta yi tsanani sai mai garin ya aiko wani ɗan kasuwarsu da ke wucewa ya gaya min famfo na wasa da su. Ya zubo kaɗan ya tsaya, ya huta, ya zubo kaɗan ya tsaya. Na isa da hantsi na tarar da layin jarkoki kamar ba zai ƙare ba, ga jakuna, ga shanun Fulani sun yi cirko-cirko a bayan kwami. Ina kafe babur aka fara cewa, «Ga Injiniya nan! Ga Injiniya nan!» Wannan kalma ita ta kashe ni.

Abin da ya kamata in yi na san shi sarai. In buɗe kan rijiya, in zura igiya da ɗan ƙarfe, in ga inda ruwa ya tsaya. Aikin sa'a biyu ne a rana, babu abin kallo a cikinsa. Ni kuwa ga jama'a sun zuba min ido. Na buɗe akwatin wuta, na ƙwanƙwasa mai gadi da bayan sukundireba, na kara kunne kamar likita, na ce, «Wanga ɗan akwati matsoraci na. Ƙasarsu sanyi a kai, zahin Gobir ya ruɗa shi. Ruwa na nan ƙasa kamar gulbi.» Na yanko guntuwar waya na tsallake shi, na haɗa wuta kai tsaye. Ruwa ya ɓarko bai tsaya ba. Mata suka yi guɗa. Aka dama min fura, aka ɗaura min zabo a bayan babur. A hanyar gida har waƙar kaina na yi.

Kwana huɗu sumo ya yi yana shan iska a ƙasan rijiya kafin ya gaji. Da muka jawo shi sama, ƙaurinsa kaɗai ya ishi bayani. Na zura igiyar da ya kamata in zura tun farko, na ga ruwa ya sauka ƙasa da inda sumon yake rataye. Mai gadi gaskiya yake faɗa, ni na rufe masa baki.

To mu a wajenmu akwai yadda ake yi. Magini in katangarsa ta faɗi, ko wanzami in askarsa ta zarce, ba ya jira a kira shi. Da ƙafarsa zai je zauren mai gari, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya faɗi laifinsa da bakinsa. In dattawa suka ce sun yafe, liman ya shafa fatiha, magana ta mutu ke nan, kuma duk wanda ya sake tada ta shi ne marar kunya. Haka na yi, ko hannu ban wanke ba.

«Ranka shi daɗe, laihina na. Ba na sola ba na, ba na rijiya ba na. Ni na.»

Da yake ni ba na iya yin abu kaɗan, har laifin da ban yi ba na ƙara. Na ce ni jaki ne, na ce hannuna bai cancanci riƙon filaya ba. Mai gari, wani dattijo mai sanyin murya, ya dubi mutanensa ya ce, «Ɗan'adam na. Yaz zo da kainai. Mun yahe.» Dattawa suka amsa, liman ya shafa fatiha. Ina miƙewa ƙarfina ya dawo. Na bugi ƙirji na ce kada kowa ya damu, ina da takarda a Sakkwato wadda za ta kawo sabon sumo kafin Juma'a.

Washegari ina gaban Bayarabena. Na ba shi labari tun daga zabo har fatiha, ina jiran ya buɗe durowa.

Ya ce, «Wa ya nemi ka biya shi?»

Na ce, «Ba kowa. Ai sun yahe.»

Ya ce, «To madalla. Mu ma mun yafe.»

Na yi dariya ni kaɗai. Da na ga bai taya ni ba sai na daina. Ya ce in tuna abin da ya gaya min: suna biyan abin da aka nema a wajena ne. In masu rijiya ba su nemi komai ba, ba abin da zai rubuta wa manyansa. Sannan ya jawo takardar ya ɗora yatsa a kan sharaɗi na uku, wanda aka karanta min lokacin da nake jinyar fanka. An rubuta cewa in abu ya faru in sanar da su tukuna, kada in amsa laifi a gaban kowa.

«Ka amsa?»

«Kaɗan.»

«Gaban mutum nawa?»

«Ban ƙirga ba. Zauren dai ya cika, wasu na leƙe ta taga.»

Ya dafe kai da hannu biyu ya ce wani abu da Yarbanci wanda na tabbata ba addu'a ba ce. Da ya huce ya ce zai rubuta gaskiyar abin da ya faru, tun da ko ban amsa ba duk wanda suka aika zai ga guntuwar wayata a akwatin, amsawar ba ta ƙara musu asara ba. Wannan zai iya roƙa min a wajen manyansa. Amma takardar neman diyya daga masu rijiya, da sa hannunsu, ba makawa sai na kawo.

A mota na yi ta juya abin. Sabon sumo irin wannan, ko na sayar da babur da shago na haɗa da kaina, ba zan kai ba. Ƙungiya ta tafi. Mutanen ƙauyen ko gero na ci ba su da isasshe. Tun ranar da sumo ya mutu matansu suka koma tafiya gulbi, wanda shi ma ya bushe, sai an tona rairayi an jira ruwa ya tsatso. Su fita da sassafe, su dawo rana ta take.

Na koma zauren mai gari na sake tuɓe takalmi.

«Ranka shi daɗe, alfarma ni ka nema. Ku kai ƙarata.»

Ya dube ni kamar zafi ya taɓa ni. «Ƙarar mi? Mun yahe.»

«Ku warware yahewar, na kwana biyu kawai.»

«Gaban liman munka yahe, anka yi fatiha. In sa hannu ga takarda in ce ina bin ka, gobe wa za shi yarda da maganata garin ga? Tashi, Injiniya. Allah shi kawo muna wata hanya.»

Na yi bayani har bakina ya bushe, cewa ba ni zan biya ba, kamfani ne. Ya ce ko wa zai biya, sunana ne a takardar, kuma shi ya riga ya ce ba ya bi na komai. Na bi dattawan kwamiti ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ba ni tabarma, ya ba ni haƙuri, ya raka ni ƙofa. Da na ga lallashi ya ƙi, na koma tsokana ko wani zai fusata. Na ce da wani tsoho hularsa ta yi kama da akurkin kaji. Ya taɓa hular, ya yi murmushi, ya ce wannan ma ya yafe. Ban taɓa ganin mutanen da haƙurinsu ya tashi kashe su da ƙishirwa ba sai a garin nan.

Rana ta uku ina zaune a gindin wata aduwa a bakin gari, na rasa ƙofar da zan buga, sai ga ayarin mata sun dawo daga gulbi. A gabansu wata tsohuwa ce 'yar firit, tana kora jaki da jarka huɗu, ga makullai a ɗaure a bakin zanenta. Ita ke buɗe famfunan rijiyar da safe ta rufe da yamma, tun ranar da aka kafa su. Ta tsaya a kaina.

«Kai na mai wutar?»

«Ni na, Inna. Sannu da rana.»

«Riƙe sannunka. An ce kana yawo kana neman wanda bai yahe maka ba.»

«Haka na, Inna.»

«To ka samu. Wa yat tambaye ni? Waɗanda ko moɗa ba su ɗauka su ka zama cikin inuwa suna yahewa da ƙahwahunmu. Dubi diddigena.»

Na duba. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Na tambaye ta a hankali ko tana cikin kwamiti. Ta ce ita ba ta san kwamiti ba, amma ranar da masu haƙa rijiyar za su tafi sun shafa mata shuɗi a babban yatsa ta dangwala a takardarsu, kusa da na mai gari. Na kusa rungumar jakin.

Muka tafi wajen hedimastan firamaren garin, ya ɗauko takarda. Inna ta zauna a kan benci tana faɗa yana rubutawa. Ta fara da kakannina. Hedimasta ya ɗaga biro ya ce wannan ba zai shiga ba. Ta sauko kan girman kaina da ƙanƙantar abin da ke cikinsa, ya ce wannan ma. Ni kuwa ina gefe ina cewa, «Malam, bar mata ko rabi, kamfanin su san da gaske a kai.» Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa mai gyara ya cire abin da ke kare sumo ba tare da ya auna ruwa ba, sumo ya ƙone, masu rijiya na neman a maye musu shi. Ta dangwala yatsa da ƙarfin da ya kusa huda takardar, mata goma sha wani abu suka bi bayanta.

Ban so in wuce da ita a ɓoye ba, sai na biya na nuna wa mai gari. Ya kau da kai ya dubi bango, ya ce, «Ni na yahe, kuma ina nan kan bakana. Abin da mata sunka yi tsakaninsu, ban da iko da shi.» Da na juya zan fita sai ya ƙara da cewa in bi ta hanyar gabas, ta fi sauri zuwa tasha.

Abin bai zo kafin Juma'a ba, bai zo kafin Juma'ar bayanta ba. Sai da Bayarabena ya zo da kansa da wani injiniyan gaske, suka ɗauki hoton guntuwar wayata ta gaba da ta baya kamar amarya. Ya gaya min kamfani zai sayi sumo, amma bututun da za a ƙara don a sauke shi inda ruwa ya koma ba su ciki, domin wannan aikin fari ne, ba nawa ba. 'Yan kasuwar garin masu kai kaya Nijar suka ɗauki nauyin bututu. Kason farko da ke kaina kuwa, ƙaramin janareton shagona ya tafi. Ya kuma yi min albishir cewa baɗi kuɗin takardata zai hau, tun da yanzu sun san ko ni wane ne. Kusan kwana arba'in matan garin suka yi suna tona rairayi kafin mota ta sauke sabon sumo.

Ni na haɗa shi, amma ba ni kaɗai ba. Inna ta kawo kujerarta ta tsugunno ta dasa a gaban akwatin wuta. Duk wayar da na ɗauka sai ta ce, «Waccan ta mi ce?» Sai na yi bayani ta gyaɗa kai kafin in ɗaura. Na mayar da mai gadi wurinsa, har na goge shi da gefen rigata. Da la'asar na ɗaga makunni. Bututu ya yi tari, ya yi kaki, sannan ruwa ya zubo, fari tas.

Ihu ya tashi, jakuna ma suka taya. Ina ganin jama'a sun taru sai tsohon ciwona ya motsa. Na hau kan dakalin tanki na ɗaga hannu, na fara bayanin yadda mutum mai hangen nesa ke sayar da akuya ya sayi takarda tun kafin a san za a buƙace ta, da yadda a duk ƙasar Gobir ni kaɗai ne mai gyaran da kuskurensa ma ke da mai biya. Inna na tsugune tana tara jarkarta, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ta ce, «Injiniya, in yas sake tsayawa, don Allah kak ka wahal da kanka. Aiko muna takardar ita ɗai, ta hi ka iya aiki.»